Ɗalibin da Ya Koma Bencin Baya: Lacca a Kan Farfaɗo da Himmar Masu Koyon Sana'a

 

Mai girma shugaban wannan zama, shugaban kwaleji da mataimakansa, malamai 'yan'uwana, iyayenmu masu sana'a da suka rufe shaguna da gareji suka zo, iyaye mata, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zauren nan, barkanmu da warhaka.  

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda za a farfaɗo da himmar ɗalibin koyon sana'a wanda jikinsa ya yi sanyi, ko wanda bai san inda ya dosa ba.

Babu malamin da ke zauren nan da bai san wannan yaro ba. Yana zuwa a makare, ya wuce bencin ƙarshe, ya kwantar da kai. Ba ya faɗa, ba ya rashin kunya, amma kuma ba ya tambaya. In ka ce masa, "Me kake so ka zama in ka gama?" sai ya ce, "Malam, duk abin da Allah Ya yi." Mu kuma in mun koma ɗakin malamai sai mu yanke masa hukunci: malalaci ne, zuciyarsa ta mutu, ubansa asarar kuɗi kawai yake yi.

Abin da na zo in kare a gabanku yau shi ne: mafi yawan waɗannan yara ba su ga wata igiya da ta haɗa abin da ake koya musu yau da abincin da za su ci gobe ba, shi ya sa suka saki jiki. Aikinmu shi ne mu nuna musu wannan igiya, su taɓa ta da hannunsu. Zan bi maganar ta fuskoki biyar.

Na ɗaya: ta wace ƙofa ya shigo?

Malamai, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: cikin ɗalibai arba'in da ke ajin walda ko ajin gini, nawa ne suka zaɓi wurin da kansu? Wani jarabawa ce ta kayar da shi. Wani ya nemi gurbin jami'a har ya gaji. Wani mahaifinsa ne ya ce, tunda boko ya ƙi, a kai shi ya koyi aikin hannu, ya fi zaman kashe wando. Yaron da aka kawo da irin wannan magana, tun daga bakin ƙofa ya riga ya ji cewa nan ne wurin waɗanda suka rasa.

Wannan raini yana da tarihi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ita ta haifi tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982. Niyyar ta yi kyau: a shekaru ukun ƙaramar sakandare kowane yaro ya taɓa zarto da guduma da waya, a gane inda hannunsa ya fi faɗawa. An sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu. Da yawa daga cikinsu sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu wutar da za ta juya su, babu malamin da aka horar a kansu. Abin da ya rage a zukatan mutane shi ne mai ƙoƙari ya wuce babbar sakandare, wanda ya gaza a tura shi makarantar fasaha. Har a sama abin bai sake zani ba. Mai babbar difloma da mai digiri suna aiki ɗaya a ofis ɗaya, amma matsayinsu ba ɗaya ba. Majalisar tarayya ta amince da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, ba a sa masa hannu ya zama doka ba. Kuna tsammani yaranmu ba sa jin waɗannan labarai?

To alhali a ƙasar Hausa mai sana'a mutum ne mai daraja da sarauta. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Magina, akwai Sarkin Fawa. Marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi a Kano sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ciyar da gidaje. A addini ma mun san Annabi Dawuda, alaihis salam, sulke yake ƙerawa, Annabi Zakariyya kuwa kafinta ne. Ya kamata ɗalibi ya ji wannan daga bakin malaminsa a makon farko, kafin a buɗe masa littafi.

Shawarata a nan mai sauƙi ce. Kada a ɗaure sabon ɗalibi da sana'a guda ranar da ya yi rajista. A ba shi makonni yana zagayawa: ya leƙa wajen kafintoci, ya leƙa wajen wayarin, ya leƙa wajen gyaran sanyi, ya leƙa ɗinki. Sannan a zaunar da shi a tambaye shi wanne ya fi kwanta masa. Abin da mutum ya zaɓa da bakinsa yakan ji kunyar yin watsi da shi.

Na biyu: ruwa ba ya tsami banza.

Kafin mu kira yaro malalaci, mu binciki abin da ke ƙarƙashin sanyin jikin nasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban al'amari a gidan talaka. Ɗalibin da ke zuwa ƙarfe goma, wataƙila da ƙafa ya tako daga unguwarsu, cikinsa babu ko koko. Wani da daddare yana tuƙa Adaidaita Sahun wani don ya kawo cefane, shi ya sa barci ke sace shi a aji. Wata kafin ta fito sai ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, ta shirya ƙanne, ga kuma maganar aure da ake yi a gida wadda ba ta san ko za ta bar ta ta ƙarasa ba. Wani idonsa ne ba ya ganin allo daga nesa, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Akwai kuma babbar matsala da ba mu cika son faɗa ba, wato Turanci. Na san wani yaro a ajin wayarin wanda duk jarabawar rubutu sai ya faɗi. Littafinsa fes, babu komai a ciki sai kwanan wata. Wata rana fankar ajin ta tsaya. Kafin malami ya aika a kira mai gyara, yaron nan ya kashe makunni, ya hau benci, ya kwance murfin, ya duba, ya ce kafasito ne ya mutu. Aka sayo, ya ɗaura, fanka ta tashi. Da aka zauna da shi sai ta bayyana cewa tun yana ƙarami yake bin wani maƙwabcinsu mai gyaran fanka. Abin da ya hana shi rubutu, ya fito daga firamare bai iya haɗa jimlar Turanci ba, kuma yana jin nauyin a gane. Da malamin ya fara yi masa bayani da Hausa, sannan ya ba shi sunan kowane abu da Turanci ya rubuta a gefen zanensa, sai littafin ya fara cika.

Jarabawa da Turanci ake yin ta, wannan gaskiya ne, kuma dole a shirya yara a kanta. Amma wace doka ce ta hana malami ya fara fahimtar da ɗalibi da harshen da yake tunani da shi? Fahimta ta fara shiga, sunan Turanci ya biyo baya.

Duk wannan ba ya fitowa a gaban aji. Sai ka kira yaro gefe, ku biyu, ba a ofis ba inda zai ɗauka laifi ya yi. Ka tambaye shi daga ina yake zuwa, wa ke biya masa, me ya ci da safe. Minti goma sun isa.

Na uku, kuma a nan zan fi daɗewa: a sa masa kayan aiki a hannu da wuri.

Yadda muka saba, zangon farko duk a kan allo yake ƙarewa. Ma'anar kaza, rabe-raben kaza, tarihin kaza. Yaro ya zo koyon kanikanci, wata uku bai riƙe sifana ba. Yarinya ta zo koyon ɗinki, tana ta zana keke a littafi tana sa wa sassansa suna, ga keken can a kulle a sito don kada ya lalace. Jama'a, wa zai koyi iyo a kan tudu?

Ku ba ni falanki ɗaya, da waya mita biyu, da makunni, da mariƙin ƙwai, da batir. A rana ta uku da shigowar ɗalibi, bayan an koya masa ƙa'idojin kare kai, a ce ya haɗa. Zai fere wayar ya yanke rabin zaren tagullar, a ce ya sake. Zai ɗaure sukurun bai kama ba, a ce ya ja wayar ya gani da kansa. A karo na uku ko na huɗu ya danna makunni, ƙwai ya kama. Ku kalli fuskarsa a wannan lokaci. Daga nan in ka ce masa, "Zo in gaya maka dalilin da ya sa wutar ta bi ta nan," zai saurare ka, don yanzu tambayar tasa ce. Karatun allo yana da muhimmanci ƙwarai, wanda bai san lissafin lodi ba zai ƙona gidan mutane. Magana ce ta wanne zai riga wanne.

Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Rochester ta Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun shafe shekaru suna nazarin abin da ke sa mutum ya riƙe aiki da zuciya ɗaya. Suka tsaya a kan abubuwa uku: ya ji yana da ta cewa a cikin aikin, ya ga ƙwarewarsa tana ƙaruwa, kuma ya ji akwai mutanen da suka damu da shi. Ku auna yaron bencin baya da waɗannan ukun. Ba shi ya zaɓi sana'ar ba. Bai taɓa gama wani abu da hannunsa ya gani ba. Malaminsa bai san sunansa ba. Ta ina himma za ta fito?

Bayan falanki, sai aikin gaske. Abin da ya fi kashe gwiwa shi ne yaro ya gina bango da safe a rushe da yamma don a sake amfani da bulo, shekara guda ana haka. A makarantar nan akwai kujerun da suka karye, akwai tagogin da ƙarfensu ya ɓalle, akwai famfon da ke zuba. Me ya sa za a ba ɗan kwangila daga waje? A ba ɗalibai, malami na tsaye a kansu. 'Yan ɗinki su ɗinka kayan makarantar firamaren da ke maƙwabtaka. 'Yan walda su yi wa masallacin unguwa ƙofa. Ranar da yaro ya wuce da abokinsa ya nuna ya ce, "Ka ga ƙofar can? Mu muka yi ta," an gama da maganar raini. In kuma akwai ɗan abin da aka biya, a ba su kasonsu a hannu, ko na sabulu ne, a rubuta a gabansu: ga kuɗin ƙarfe, ga na wuta, ga ladan aiki. A nan ne za su koyi yanka farashi, abin da ke kayar da masu sana'a da yawa bayan an yaye su.

Bari in ɗan ratse kan maganar alawus, don na san za a tambaya. Shi Deci ɗin, a wani gwaji da ya wallafa a 1971, ya ba ɗaliban jami'a wani wasan haɗa gutattsarin abubuwa mai jan hankali. Wasu ya biya su, wasu bai biya ba. Da aka daina biya, waɗanda suka saba karɓar kuɗi sai suka rage taɓa wasan a lokacin hutunsu. Kada a fahimce ni a karkace: kuɗin da zai kawo yaro makaranta ya sa masa abinci a ciki wajibi ne, mai jin yunwa ba ya koyon komai. Amma alawus kaɗai ba ya dasa son aiki. Dukanmu mun ga shirye-shiryen da aka yi horon mako biyu, aka raba kekunan ɗinki a gaban 'yan jarida, kafin wata ya zagayo kekunan suna kasuwa. Wanda ya sayar bai taɓa ɗinka rigar da wani ya sa ba, don haka keken kaya ne kawai a wurinsa. Ladan aikin da mutum ya yi da hannunsa daban yake da kuɗin zama a aji.

Na huɗu: a nuna masa hanya har ƙarshenta.

Da yawa daga ɗalibanmu ba su san darajar takardar da suke nema ba. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, takardar da take bayarwa ana shiga kwalejin kimiyya da fasaha da ita, ana shiga jami'a da ita, in an cika sharuɗɗa. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin auna ƙwarewa mataki-mataki, wanda har wanda ya koya a gareji zai iya samun shaida a kan abin da ya iya. An yi irin wannan aiki da masu sana'ar kasuwar Panteka da ke Kaduna. A zana wa ɗalibi wannan tsani a bango, ya ga inda yake tsaye da matakin da ke gabansa.

Sannan gani ya kori ji. A ɗauki aji guda a kai su Panteka su ga yadda ake narka alminiyam a zuba tukunya, a ƙera injin niƙa daga ƙarfen da wani ya yar. In Kano ta fi kusa, a kai su Ƙofar Ruwa, a kai su Farm Centre su ga samari sa'o'insu suna gyaran waya. A gayyato tsohon ɗalibin makarantar nan wanda yanzu yake da shago da yara, ya tsaya a gabansu su tambaye shi nawa ya fara da shi, wace asara ya yi, nawa yake samu a mako mai kyau da mako marar kyau. Maganarsa ta rabin awa za ta yi abin da wa'azinmu na shekara bai yi ba.

Kuma a gaya musu inda kasuwa ta nufa. Tsadar mai ta sa gidaje da shaguna suna komawa sola, kuma mai haɗa ta da kyau, wanda ya san lissafin batir da inbata, ba ya zama. Ana mayar da motoci masu amfani da iskar gas, wannan sabon fage ne ga bakanike. Ku shiga manyan gine-gine a Abuja, za ku tarar masu sa tayil da masu yin silin da yawa daga Togo da Benin suka zo. Me suka fi yaranmu? Gama aiki da tsafta, da cika alkawari. Duka biyun ana koyar da su.

A Jamus, mai koyon sana'a yana sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makaranta, ana biyansa, yawanci na kimanin shekara uku. Mu ma muna da tushen irin wannan. Hukumar ITF da ke Jos, wadda aka kafa a 1971, ita ta ƙirƙiro shirin SIWES na tura ɗaliban manyan makarantu wuraren aiki. Kuma tun kafin wannan muna da tsarin maigida da yaronsa. A nan nake roƙon iyayenmu masu gareji da shaguna: in an turo muku yaro, don Allah kada ya ƙare a sayen abinci da wankin mota. Ku sa shi ya kwance, ya ɗaura, ku tsaya a kansa. Ku kuma malamai, ku riƙa leƙawa kuna ganin abin da ake koya masa. Sa hannu a littafin da aka cika a daren ƙarshe cin amanar yaron ne.

Na biyar: harshen malami.

A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare a California. An gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a wannan shekara, alhali sunayen an tsamo su ne kawai ba tare da wani dalili ba. A ƙarshen shekara, musamman a ƙananan azuzuwa, yaran nan sun fi sauran ci gaba. Masana sun yi ta muhawara a kan girman tasirin, amma asalin maganar kowane uba ya san ta: yaro yana karanta abin da kake zato a kansa. "Kai ba za ka taɓa iyawa ba," in ta fito daga bakin malami a gaban aji, tana iya bin mutum har furfura.

Ban ce a riƙa yabon ƙarya ba, yara suna gane shi. A yabi abin da ake gani: "Wannan haɗin naka ya zauna, dubi yadda bakin ya haɗu ba rata. Wancan kuwa ka yi sauri, sake shi." A ba wanda ya yi sanyi wani nauyi, ya riƙe makullin akwatin kayan aiki, ko ya nuna wa sabon shiga yadda ake riƙe zarto. Wanda aka damƙa wa amana yakan zo da wuri.

Zai yiwu a yi duk wannan, wani yaron bai motsa ba. Sau da yawa wannan alama ce cewa ba sana'arsa ba ce. A kira mahaifinsa a yi magana ta gaskiya, a mayar da shi inda hannunsa ya fi so, ko da ya rasa zango ɗaya. Wani kuma damuwa ce mai nauyi ko shaye-shaye, wannan ya wuce ƙarfin malamin aji shi kaɗai, sai an haɗa da iyaye da ma'aikatan lafiya, kuma a yi da wuri, a rufa masa asiri.

Ku kuma ɗalibai, 'ya'yana, kun ji na ɗora wa malamanku da iyayenku nauyi mai yawa. Naku guda ne: in akwai abin da ya tsaya muku, ku faɗa. In ba ka gane Turancin ba, ka ce ba ka gane ba. In ba ki da kuɗin mota, ki samu malamar da kika yarda da ita ki gaya mata. In sana'ar ce ba ta kwanta maka ba, ka faɗa tun yanzu da sauran lokaci.

Ranka ya daɗe shugaba, a nan zan dakata.  Fili a buɗe yake ga mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, kuma ina roƙon a fara ba ɗalibai dama kafin malamai.